Yadda Za Ka Ƙwato Sunanka Idan An Yi Sojan Gona Da Kai Ta Waya

Sana'ata gyaran waya ce a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, amma a 'yan shekarun nan da yawa daga cikin masu tsayawa a gaban teburina wayarsu lafiyarta ƙalau, sunansu ne aka sace. Wannan an ƙwace masa WhatsApp ana ta roƙon 'yan'uwansa kuɗi da bakinsa. Wancan an fizge masa waya a adaidaita sahu, kafin gari ya waye an yashe asusunsa. Wata baiwar Allah kuma kira ta samu wai ta ci bashi a wata manhaja da ko sunanta ba ta taɓa ji ba. Na raka mutane banki da ofishin layi da caji ofis har na daina ƙirgawa, kuma abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan asarar tana zuwa ne daga fara abin da ya kamata a yi ƙarshe. Mutum zai tafi neman ɓarawon wayarsa alhali asusunsa na buɗe.

Kafin komai ka san matsayinka a doka, don ka iya magana da ƙarfin gwiwa a gaban kowane tebur. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ware Sashe na 22 ga wannan laifi. Wanda ya yi amfani da lambar sirrin wani ko wata shaida da ta keɓanta da shi da nufin zamba, ko ya yi sojan gona da sunan wani, rayayye ko mamaci, don ya ci riba ko ya cutar ko ya kauce wa kamu, zai iya shan ɗaurin shekara 5 ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ko a haɗa masa duka. Idan ma'aikacin banki ne ya yi amfani da abin da ya sani a wurin aiki, shekara 7 ce ko naira miliyan 5, ko duka biyun. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar, ta Kano tana Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi. Sai dai ka riƙe wannan: har sai an gano ɓarawon, sunan da ke kan layin da asusun da bashin naka ne. Duk wanda aka damfara kai zai nuna. Takardun da za ka tara su ne za su raba ka da shi.

Kayan aiki

Wata waya ta aro, ko da 'yar ƙarama ce mai tocila, matuƙar tana da kati.

Littafi da biro. Kada ka raina wannan. Duk wanda ka yi magana da shi, rubuta lokaci da abin da ya ce da lambar ƙorafin da ya ba ka.

Takardar NIN ɗinka da lambar BVN, kowacce lamba 11 ce, da lambar asusunka mai lamba 10. Idan layinka na hannunka, *346# zai fito maka da NIN, *565*0# kuma BVN, ana cire ɗan kuɗi kaɗan. Idan layin ya tafi, banki zai ba ka BVN ɗinka in ka je da kanka.

Kwalin sim, saboda lambar PUK da ake buɗe sim da ita in ya kulle, da kwalin waya da rasit ɗin saye, saboda lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta. Wanda wayarsa ke hannunsa yanzu ya danna *#06# ya kwafe lambar IMEI ɗin a takarda ya ajiye a gida.

Lambobin mutanen da ka fi kira, da adadin katin da ka sa na ƙarshe.

Hoton fasfo biyu, da kuɗin fotokwafi da na takardar rantsuwa, da jakar leda mai zif da za ka zuba komai a ciki.

1. Toshe asusun banki, yanzu-yanzu

Idan waya aka sace ko layinka ya ɗauke haka kawai, wannan ne na farko, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ɓarawon zamani bai damu da wayar ba sosai, sim ɗin yake so. Zai zare shi ya sa a wata waya, ya nemo BVN, ya gwada lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kake ajiya. Idan bai iya tura kuɗin ba sai ya yi ta sayen kati, ko ya ci bashi da sunanka.

Bankuna suna da lambar toshe asusu da ake dannawa daga kowace waya, ba sai taka ba. Na Access *901*911# ne, na Zenith *966*911#, na UBA *919*911#. Za a nemi lambar wayarka ko lambar asusu. Ka tambayi bankinka tasa tun yau ka rubuta ta a bangon shago ko cikin aljihu. Idan ba ka san lambar ba, kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinka, ko na wani da kuke banki ɗaya, ka ce a dakatar da fitar kuɗi daga asusun gaba ɗaya. Toshe katin ATM kaɗai bai isa ba, domin ɓarawon ta layi yake shiga.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mantawa da ƙananan asusu. Wanda ka buɗe a manhajar waya don karɓar cinikin POS, da wanda ka buɗe lokacin rabon tallafi ka watsar, duk suna rataye a layin nan. Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari da aka ƙwace wa waya bayan sallar isha'i ya ce bari gari ya waye. Da na tambaye shi me ya hana shi kira, cewa ya yi, "Ai wayar akwai makulli, Malam, sai da yatsana take buɗewa." Wayar ce ke da makulli, sim ɗin ba shi da shi. Zuwansa banki da safe ihu ne bayan hari.

2. Kashe layin, sannan ka dawo da shi

Daga wayar aron, kira 300, lambar kula da masu hulɗa ce a dukkan layukan ƙasar nan. Idan wayar aron ba layinku ɗaya ba, nemi wanda kuke layi ɗaya da shi. Ka ce a rufe layin saboda sata. Washegari da sassafe ka tafi babban ofishin kamfanin ka yi welkam bak, wato a ba ka sabon sim da lambarka ta da. Za su duba NIN, su ɗauki hotonka da yatsunka, su tambaye ka lambobin da ka fi kira da katin da ka sa na ƙarshe. Idan babu kwalin sim, yawanci za a ce ka kawo takardar rantsuwa, ana yin ta a rajistarar babbar kotu, kamar wadda ke Sakatariyar Audu Bako. Ka shiga ciki da kanka ka karɓi rasit. Masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa "kawo a yi maka" wani lokacin hatiminsu na bogi ne.

Inda ake shan wuya shi ne layin da aka yi rajista da sunan wani. Mata da yawa layinsu da sunan miji ne ko ƙane, tsofaffi kuma da sunan 'ya'ya. To wanda sunansa ke kai shi zai je, babu wata dabara. In ya yi tafiya, a rufe layin tukuna, a je banki a cire lambar daga asusu a sa wata.

Idan kuwa wayarka na aljihunka amma sabis ya ɗauke, na maƙwabcinka kuma yana nan, kada ka zauna jiran ya dawo. Yana yiwuwa wani ne ya yi welkam bak da layinka. Ka koma mataki na ɗaya. Idan kamfanin ya yi ta maka yawo da hankali, kira 622, layin ƙorafi ne na hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa kuma kyauta ne, amma za su nemi lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ka.

3. Ƙwato WhatsApp da Facebook da imel

Na WhatsApp na fi gani a Kano, kuma yawanci hanyar ɗaya ce. Wani zai kira da ladabi, ya ce shi ɗan zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na masallaci, za a yi taro da yamma, an turo maka wata lamba ka karanto masa don a sa ka. Lamba shida ce. Kana karantowa an fitar da kai.

Gyaran ba wuya idan layin na hannunka. Da farko danna ##002# don soke duk wata karkatar da kira da aka yaudare ka ka sa. Sai ka buɗe WhatsApp ka sa lambarka kamar sabon shiga. Za a turo maka lamba shida ta saƙo, kana sa ta ɓarawon ya fita. Idan ya riga ya kafa tasa lambar sirrin a makulli na biyu na WhatsApp, wanda ake nema bayan lambar saƙo, za a ce ka jira kwana 7. Ka jira. A cikin kwanakin nan shi ma yana waje, ba zai iya tura komai ba. Kada ka yi ta neman a sake turo lamba kana danne-danne, ƙara maka lokacin jira kawai za a yi. Kuma kada ka ba kowa kuɗi wai zai buɗe maka kafin lokacin. A kasuwarmu ma akwai masu karɓar wannan kuɗi, kuma ba abin da suke yi sai jiran kwana bakwan tare da kai. Bayan ka shiga, duba wurin na'urorin da aka haɗa, ka fitar da duk wadda ba ka sani ba.

Facebook kuwa ka shiga facebook.com/hacked daga wayar da ka saba shiga da ita. Idan wani ne ya buɗe sabon shafi da hotonka da sunanka, naka na nan, kai da abokanka ku kai rahoton shafin a matsayin sojan gona, amma sai bayan ka ɗauki shaida kamar yadda zan faɗa a ƙasa. Imel ɗinka shi ne uwa, ta nan ake sauya sauran makullan, don haka shi za ka fara canza wa kalmar sirri.

4. Yi shela

Wannan gajere ne amma yana hana ɓarna. Ka kira masu kula da zaurukan da kake ciki su cire lambarka na ɗan lokaci. Ka sa 'yan'uwa su ɗora sanarwa. Ka kira waɗanda ka san in an roƙe su da sunanka ba za su tsaya tambaya ba: Hajiya, yayye, abokan ciniki, maigidanka na kasuwa. Da murya za ka faɗa musu, don saƙon rubutu shi ne abin da ɓarawon ma yake turawa. Kunya ce ke hana mutane wannan mataki, musamman manya, sai a kwana biyu ana tatsar dangi shiru.

5. Tara shaida kafin ta goge

A nan nake so ka nutsu, domin yawancin ƙorafe-ƙorafe a nan suke mutuwa. Mutum ya je gaban jami'i da labari mai tsawo hannu rabbana.

Ka roƙi duk wanda aka tura wa saƙo da sunanka ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, yadda lambar wayar da rana da lokaci za su fito. Da yawa suna goge hirar don haushi, ka hana su. Abu mafi daraja a cikin hirar shi ne lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, da sunan da ya fito a kai, da sunan bankin. Wanda ya riga ya tura, ya ba ka rasit ɗin. A jikin rasit akwai wata doguwar lamba mai lamba 30, da ita bankuna suke bin sawun kuɗi, alat kaɗai ba ya wadatarwa. Idan shafin bogi ne, kwafo adireshin shafin gaba ɗaya, don suna da hoto ana canza su cikin minti ɗaya.

Sai ka zauna ka rubuta abin da ya faru bi da bi a shafi guda: ƙarfe kaza aka kira ni daga lamba kaza, ƙarfe kaza layina ya ɗauke, ƙarfe kaza aka cire naira kaza. Ka buga komai a takarda kwafi uku, ka kuma tura wa imel ɗin wani amintacce.

Gargaɗi daga bakin mai gyara: kada ka kawo mana wayar a yi mata filashin a goge abin da ke cikinta, kada ka sayar da ita, kada ka yi musaya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta, amma sai an yi bayanin na'urar da ta fito da ita. Lauya zai shirya wannan takarda, kai dai ka ajiye wayar yadda take.

6. Koma banki da takarda

Toshewar da ka yi ta waya tsayar da jini ce kawai. Ka je reshe da wasiƙa zuwa ga manaja, ka jera kuɗin da aka cire da ranaku da asusun da suka tafi, ka ce ba da izininka ba ne, ka nemi a tuntuɓi bankin da ya karɓa a riƙe kuɗin. Ka nemi sitatimen na kwanakin. Kwafi biyu za ka kai, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata, a ba ka lambar ƙorafi. Idan aka ce ka tafi za a kira ka, ka ce, "Ranki ya daɗe, a taimaka a sa min hatimi a wannan." Kada ka fita ba shi.

Gaskiyar da ba a son ji: kuɗin da aka riga aka cire a POS ko aka rarraba cikin asusu biyar da wuya ya dawo. Wanda aka tarar yana nan ana iya riƙe shi, kuma sau da yawa sai an kawo umarnin kotu kafin a mayar maka. Shi ya sa wanda ya tura kuɗin, ko ɗan'uwanka ne, shi ma dole ya kai nasa ƙorafin a nasa bankin a ranar. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, kana da damar kai kuka sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da kwafin wasiƙar nan mai hatimi.

7. Kai rahoto ga hukuma

Ko ba a ci maka ko kwabo ba, ka kai. Dalili kuwa, watan gobe wani da aka damfara da layinka zai iya zuwa da 'yan sanda ƙofar gidanka, kuma takardar da ke nuna ka riga ka kai rahoto tun ranar kaza ita ce za ta tsaya maka.

Fara da caji ofis na unguwarku, ka ba da bayani a rubuce, ka nemi takardar shaidar rahoton. Ka karanta abin da aka rubuta kafin ka sa hannu, in ba ka karatun boko ka je da wanda zai karanta maka. Idan kuɗin da yawa ko abin ya haɗa da wata jiha, rubuta koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda a hedikwatarsu da ke Bompai, ko ka kai wa EFCC a ofishinsu na shiyya da ke Hajj Camp Road. Rundunar 'yan sanda tana da cibiya ta musamman kan laifukan intanet a Abuja, ita ma tana karɓar ƙorafi. Koken kada ya wuce shafi biyu: sunanka da adireshi, abin da ya faru, lambobin waya da na asusu, adadin kuɗi, sai ka ambaci Sashe na 22, ka liƙa shaidunka a baya. Nan ma a buga wa kwafinka hatimi.

Ni shawarata ka zaɓi wuri ɗaya ka bi shi da naci, ya fi ka watsa koke wuri huɗu kowa na ganin ɗayan zai yi. Kada kuma ka yi sanyi, domin doka shekara 2 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan kira da na masu layi.

Abin da ba za ka yi ba: kada ka ɗora hoton mai asusun da kuɗin ya shiga a Facebook kana kiransa ɓarawo. Sau da yawa shi ma sunansa aka sata, ko yaro ne da aka ba dubu biyu ya ba da aron asusu. Kada kuma ka tara matasa ku je gidansa. Garin neman gira sai a rasa ido, ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara.

8. Bincika abin da aka ƙulla da sunanka

Bayan ƙura ta lafa, danna *996# ka bi zaɓin da zai nuna maka layukan da ke rataye da NIN ɗinka. Duk wanda ba ka sani ba, je ofishin kamfanin a cire shi, ka karɓi shaida. A banki kuma ka nemi a duba maka asusun da ke ƙarƙashin BVN ɗinka.

Sai bashi. Akwai kamfanoni uku masu lasisi da ke ajiye tarihin bashin mutane, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Idan ka ga bashin da ba ka ci ba, rubuta wa wanda ya ba da bashin da kamfanin da ya ajiye rahoton, ka haɗa da takardar 'yan sanda da shaidar ranar da aka rufe layinka. Masu manhajar bashi za su yi ta kira suna barazanar tura wa mutanenka saƙon cin mutunci. Kada ka biya ko naira ɗari don a bar ka ka huta, za su riƙe shi a matsayin ka amsa bashin, ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ka ɗauki hoton barazanar ka kai wa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya da masu hulɗa da kamfanoni, in kuma bayananka suka yaɗa, hukumar kare bayanai ta NDPC ce mai wannan, ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023.

9. Rufe ƙofar da aka shigo

Ka sa wa sabon sim ɗinka makulli. Yana cikin saitin tsaro na waya, lamba huɗu ce, kuma duk wayar da aka sa shi sai ta nema. Ka yi shi da kwalin sim a gabanka, domin kuskure uku zai kulle sai da PUK, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu. Ka kunna makullin nan na biyu a WhatsApp ka haɗa da imel. Ka canza lambar sirrin tura kuɗi, ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka. Ka goge BVN da lambar asusu da ka ajiye cikin sunayen waya, nan ɓarayi suke fara dubawa. Fotokwafin NIN da za ka bayar ko'ina, rubuta a jikinsa dalilin bayarwa da kwanan wata. Mai POS ya miƙo maka na'ura ka danna da hannunka, ba a karanto wa kowa lamba.

Idan kana da tsohon layin da ka daina amfani da shi, je banki a cire shi daga asusunka, saboda layin da ya daɗe a kwance kamfani na sake sayar da shi, alat ɗinka ya koma hannun baƙo. Haka layin mamaci: cikin hidimar rabon gado a wakilta mutum ɗaya ya riƙe sim ɗin, a sanar da banki rasuwar, a kuma fitar da lambar daga zaurukan da yake ciki.